Takun Mamaci a Ƙafar Mai Rai

Kai da ka fara aikin auna tafiyar majinyata, zauna in ba ka misalin wani mai bincike da ya riga ka. Aikinsa ya ɗaura wa mutum wasu 'yan na'urori, kowace kamar kwalin ashana, a ƙugu da gwiwa da idon sawu, ya ce masa ya taka zuwa bango ya dawo. Na'urorin sifili da ɗaya kawai suke tarawa, dubu bisa dubu. Shi zai juye su a kwamfuta ya warware, sai ga hoton ƙasusuwa a allo yana tafiya irin ta mai jikin. Da wannan awo ake ƙera takalmin gyaran ƙafa. Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba musu, sai dai ya san ya iya, kuma nan gizo ke saƙa. Akwai wata dattijuwa da ta daɗe a ɗakin awon, kullum tana yi masa nasiha: ya goge tsohon awon da ke cikin na'ura kafin ya ɗaura wa wani, ya karanta lambobin farko inda na'urar take rubuta ranar awo, kuma ya riƙa ɗaga kai yana kallon mai tafiyar. Shi kuwa murmushi yake yi, a ransa yana cewa tsufa ne.

Wata rana aka kawo wani magini da ya faɗo daga bene. Ƙashin ƙafarsa ta hagu ya fara haɗewa, burinsa ɗaya ne, ya koma hawa tsani. Layi ya yi tsawo, mai binciken ya zaro wasu na'urori da suka daɗe a aljihun tebur ya ɗaura masa bai goge su ba. Magini ya je bango ya dawo, shi ko bai ɗago ba. Ya tsallake lambobin farko yadda ya saba, ya karanta abin da ya biyo baya. Hoton ƙasusuwan ya fito yana jan ƙafar hagu, ƙugu a karkace, duk taku uku sai ya dakata kamar wanda ya ji an kira sunansa. Mai binciken ya ji kamar ya san tafiyar nan, amma ya danne ya sa hannu a takarda. Aka ƙera takalmi a kan awon. Magini ya ce yana murɗa masa ƙafa, aka ce ya daure, na'ura ba ta ƙarya. Bawan Allah ya daure har wata biyar.

Ran nan da hantsi mai binciken yana zaune, sai ya ji taku a baranda. Ja, ja, ja, shiru. Yanzu kam ya tuna. Takun wani tsohon mai gadi ne da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ke zuwa awo duk Talata, ya rasu bara, mai binciken da kansa ya tsaya a sahun sallarsa. Takun ya matso, ya dakata a bakin ƙofa. Da ta buɗe, magini ne, ba takalmi, ƙugu a karkace. Ya zo ya faɗa cewa an cire takalmin amma ƙafar ta ƙi komawa daidai, ya gwada tsani ya kasa wuce mataki na biyu. Mai binciken ya buɗe bayanan, a karon farko ya karanta lambobin da yake tsallakewa. Ranar da ke rubuce Talatar ƙarshe ce ta tsohon, awonsa ne ya rage a na'urar. Awon maginin yana can ƙasa ba wanda ya taɓa dubawa, kuma ƙafa ce da ta kusa warkewa da kanta. Dattijuwar ta leƙo, ta dubi allon, ta dubi ƙafar, ta ce, "Allah Ya kyauta," ta ja ƙofa.

Magini ya juya ya fita, mai binciken yana zaune yana jin tsohon da suka binne yana tafiya a baranda har ya yi nisa. Abin da ya fi ƙona masa rai, ganganci nasa ne amma ƙafar ba tasa ba ce. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.