Gardin da Ya Hana Ruwa Gudu

Karo na ba adadi, Momper Lusiyan ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan kaso, ya kakkaɓe farar rigarsa. Limamin Katolika ne, Bature, daga Tawa yake zuwa. Shekarar da 'yan Sawaba suka ɗauki makamai ce, ana ta kamen mutane a ƙasar Adar, mai laifi da marar laifi. Duk wanda kamiyo, wato babbar motar soja, ya kwasa zuwa Yamai, sai dai a yi masa addu'a.

Momper ya sha fitar da mutane da roƙo. Halidu ne ya gagare shi, wani manomin albasa daga Garhanga da aka ce ya ba 'yan tawaye ruwan sha. Ba kumandan mai iko da kason ya hana ruwa gudu ba, tsohon gardi Maiguwa ne.

Mutumin nan ko murmushi bai iya ba. In Momper ya ce a kira masa Halidu, sai ya kau da kai.

"Wancan? Rabu da shi, Momper. Kak ka kai zance nai ga kumandan."

Kowane fursuna Maiguwa na kiransa da suna, ban da wannan, ko kallonsa ba ya yi. Shi kuwa Halidu, da ya hango shi sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Ga aikin wahala: ranar da duk aka ji ƙugin kamiyo, tun da farar safiya Maiguwa ya kora shi yin itace can cikin fadama, sai magariba ya dawo ƙafa duk ƙaya.

Abin ya ci wa Momper tuwo a ƙwarya. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa gardin da Allah, duk a banza. Ran nan haƙurinsa ya ƙare, ya faɗa ofishin kumandan ya zazzage komai, ya ce tsohon nan ya tsani yaron mutane, zai kashe shi da wahala. Kumandan ya saurara da kyau, har ya sake tambayar sunan fursunan. Kafin mako ya zagayo an tura Maiguwa aiki can garin Buza.

Momper ya dawo ransa fari. Ya tarar kamiyo ya zo jiya, sabon gardi bai aiki kowa itace ba, an tafi da Halidu.

Ya zube a bencin Balki mai fura a ƙofar kason, ita ma 'yar Garhanga ce. Ya ce shi fa raba yaron ya so ya yi da mugu, wanda ko sunansa ba ya iya faɗi don ƙiyayya.

Balki ta ajiye ludayi, ta dube shi.

"Haba Momper, duk Hausar da ka iya? Ƙasarga, wane uba ka hwaɗin sunan ɗanai na hwari?"