Muryar Da Injin Ya Rufe

"Ba zan rubuta ba, ranka ya daɗe."

Lauyan da nake yi wa aiki ya buga tebur. "Ki sa 'ba a jin magana' ki wuce wurin. Kin fi ni karatu ne?"

Aikina shi ne mayar da rikodi rubutu. A cikin wannan, wani ne ke ba da umarni a ƙona shagon wata mai marayu, amma ƙarar wani inji ta danne muryarsa. Ni kuwa ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba.

Na tafi da rikodin ɗakina. Na janye ƙananan lasifikokina biyu daga bango, na ɗora su kan littattafai daidai kunnena, na rataye bargo a taga saboda amsa-kuwwa. Kwana uku ina maimaitawa, Mama tana tsokanata wai na auri lasifika.

Rana ta huɗu muryar ta fito tas, har da ɗan tarin nan nasa. Baba ne. Ashe lauyan ya gane tun farko, ni yake tausaya wa.

Na rubuta kowace kalma, na sa hannu. Yau Baba yana gidan yari, kuma shekara biyu ke nan Mama ba ta amsa gaisuwata.