Kofi na Shida

Dakta Saudatu da mijinta Balarabe ba su rasa komai ba a gidansu na unguwar Ƙurban, can ƙasa mai tsarki, sai kofi na shida cikin tsofaffin kofunan gilashin Finland da take tarawa. Jiya ya ɓace.

'Yarsu Mimi ta kasa zaune, ta kasa tsaye. Ita ta fasa shi, ta ɓoye guntayen a jakar makaranta.

Mama na fita aiki, Mimi ta buɗe wa Baba jakar tana kuka.

Ya leƙa, ya rage murya. "Ya binti, 'yata, wannan riyal biyu na sayo shi a kasuwar haraj ta 'yan gwanjo. Na ainihin, ni na fasa tun ba a haife ki ba. Ɗauko abayarki, yalla, maza mu sayo wani kafin ta dawo!"

Nan Mimi ta gane Baba ma tsoron Mama yake ji.