Ciwon Aro

Tun da aka fito da zaren da ke haɗa jijiyar mutum da ta wani, dubiya ta wuce lemo da ayaba. Sai a maƙala maka zaren a ƙeya, ka rage wa majinyaci ciwo, ka tafi da shi gida.

Goggo Delu kuwa akwai zumunci. Ciwon gwiwarta na ƙanenta ne, na ƙugu na maƙwabciya, na haƙori na jikanta.

Yau ita ce a gaban likita, tana haki.

"Goggo, ina ke miki ciwo?"

"Ko'ina, ɗan nan."

"Naki nake tambaya. Shi zan yi wa magani."

Ta dafe ƙirji.

"Wannan dai, wallahi na kasa tuna gidan da na ɗauko shi."