Sunan da Gogo Ta Ba Ni

"Nan ma babu Gala," in ji MaZungu, mai kula da littafin binne mamata a cocinmu.

Shekara uku ke nan ina neman kabarin Gala, kakan babana. Na bi takardun ƙidaya, na bi coci-coci. In babu kabari, hukuma ba za ta maido mana da gonarmu ta gado ba.

"Wa ya faɗa maka sunan, ɗana?"

"Gogo, kakata."

"'Yarsa ce?"

"Matar ɗansa ce."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Kai da duk karatunka! Wace mace ce a cikinmu Zulu za ta kama sunan surukinta? Sakaya shi take yi. In ta ce Gala, Langa take nufi."

A kamfanin haƙar kwal nake aiki, sashen kwashe tsofaffin kaburbura. Bara muka tone wani kabari a bakin gonar tamu, dutsensa na ɗauke da "Langa, 1938". Wata uku ana cigiyar dangi, ba wanda ya zo. Aka haɗa ƙasusuwan da na wasu a rami ɗaya.

Ni na rubuta "ba shi da kowa". Na sa hannu.