Rahoton La'asar

Kullum bayan la'asar sai Murtala ya hau tsibin tsakuwa, don a nan kaɗai waya ke samun sabis a duk filin aikin gadar da ake yi tsakanin Bukkuyum da Gummi. Leburori har sun laƙaba masa Ladan. Ko a jikinsa. Ɗan Anka ne, ɗalibin injiniya a aji huɗu, an turo shi aiti na wata uku ya koyi yadda ake tafiyar da aikin gini, ya kuwa ɗauki abin da zafi kamar gadar gidansu ce.

Wanda yake kira shi ne Dakta Namadi, malamin da zai zo daga makaranta ya duba aikinsa ya ba shi maki. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ɗalibi ba ya zaɓen mai duba shi, kira kawai yake jira, nasa kuma ya zo a sati na biyu. Dakta ya ce hanyar nan ba a shiga ta da ka, kuma zuwan banza zai yi in bai tarar da shugaban aikin, Injiniya Mahmuda, ba, tunda sai su biyun sun sa hannu a littafin aikin Murtala. Don haka yana son rahoto kullum: mutum nawa ke aiki, masu tsaro nawa, yaushe Injiniya ke zuwa.

Murtala ba ya aikin rabi da rabi. Ya amsa abin da aka tambaye shi, ya ƙara da awon kankare da kaurin rodi. Dakta yakan yi dariya ya ce ya ajiye wannan sai ya zo.

"Ranka ya daɗe," in ji Murtala ran Litinin, "Laraba Injiniya zai zo zubin kankare, amma kada ka taso ran nan. Masu tsaronmu duka za su je rako motar siminti daga Gummi, sai azahar za su dawo."

Dakta ya yi godiya, ya ce yaro mai hankali irin wannan ba a yi masa rowar maki. Murtala ya sauko yana jin kansa.

Ran Laraba da hantsi ƙugin injin kwaɓa kankare ya danne ƙarar babura, ba wanda ya ankara sai da 'yan bindiga suka ƙetaro rafi. Harbin farko ya sami direban injin a wuya. Mutane suka watse, wasu cikin gero, wasu ƙarƙashin katakon gada. Murtala ya kife cikin ramin ginshiƙi, bakinsa cike da laka, yana leƙe ta tsakanin rodi.

Ɗaya daga cikin maharan bai yi harbi ba. Wankakkiyar shadda ce a jikinsa, ya rufe fuska da rawani, ya hau tsibin tsakuwa yana nuni da hannu. Inda ya nuna can suka nufa. Suka fizgo Injiniya daga bayan motarsa. Ya kufce ya ruga, suka harbe shi a cinya. Da suka ga ba zai iya hawa babur ba, suka ƙarasa shi a wurin. Shi ne fa mutumin da ya ba Murtala takalmansa na aiki ranar da ya iso da silifa, wanda yake zaunar da shi su ci tuwo kwano ɗaya.

Wani tsoho mai gadi da aka bari a filin ne ya ɗana bindigar tokarsa daga bayan buhunan siminti. Harbi ɗaya gare ta, bai kuwa ɓata shi ba: mai shadda ya kife a kan tsakuwa. Ganin haka sauran suka rikice, suka cinna wa motar Injiniya wuta, suka bi daji.

Da mutane suka fito, kuka bai daɗe ba ya koma fushi.

"Wa yab ba su labari?" in ji Sufyanu, shugaban leburori. "Wa yas san yau babu masu tsaro? Akwai infoma cikinmu!"

Daidai lokacin Modibbo ya ɓullo da jakunansa. Bafillace ne mai kawo yashi, wata biyu bai taɓa makara ba sai yau. Ƙarar kwana, in ji masu magana.

"Jakina na yay yi targaɗe!" yake cewa, suna jan sa a ƙasa. "Ku duba ƙahwatai! Wallahi ba ni na ba!"

Ba wanda ya dubi jaki. Murtala, mai ilimin cikinsu, wanda ya kamata ya ce a dakata, shi ya fara ɗaukar guntun rodi. Ya tuna takalman da ke ƙafarsa, ya sauke wa Modibbo a kafaɗa, ya ji ƙashi ya amsa. Daga nan shebur da katako suka biyo baya. Sai da Modibbo ya daina kare kansa, ya daina kiran sunan 'ya'yansa, sannan suka ja da baya suna haki. Murtala bai ji tausayi ba. Sanyi ma ya ji a ransa, an yi wa maci amana hukuncinsa.

Sai Dakta ya faɗo masa a rai. Bawan Allah yana can yana shirin tasowa, bai san wanda zai sa hannu ya riga mu gidan gaskiya ba. Ya goge jinin hannunsa a wando, ya hau tsibin tsakuwa, ya raɓe gawar mai shadda yana tofar da yawu.

Ya danna lambar Dakta Namadi, ya kara a kunne. A gefen ƙafarsa, cikin aljihun shaddar, waya ta fara ruri.