Koriyar Takardar Tabawa

Tun da aka kawo na'urar nan mai karanta ƙwayoyin halittar ciwon daji, mutane ba sa zuwa dubiya sai sun tambayi launin takarda. Idan aka cire wa mutum ƙoda, na'ura ta duba tsokar, sai a ba shi takarda: ja idan ciwon zai dawo, ko kore idan mutumin zai warke. Wai yanzu sai mai mutuwa ne ya cancanci sannu.

Tabawa kore ta samu. Kwana tara tana kwance da ɗinki a kwiɓi, kullum sai ta sa an shimfiɗa tabarmi, amma ba wanda ya leƙo. Maƙwabciyarta Lantana kuwa, mai ja, takalman baƙi har bakin zaure.

Ta kira ƙanwarta a waya.

"Kande, ko sannu ba za ki zo ki yi mini ba?"

"Haba Yaya, ai kore aka ba ki."

"Takardar ce ke jin zafin ko ni?"

"Ki gode wa Allah mana."

Ta gode. Amma da la'asar ta yafa mayafi, ta bi bango har gidan Lantana, ta raɓa cikin masu dubiya, ko wata za ta ce mata ya jiki. Ta zauna da ƙyar, gumi na keto mata.

Wata dattijuwa ta juyo.

"Tabawa ce? Yawwa. Ke da kike da lafiya, tashi ki ɗebo wa baƙi ruwa."

Ta dafe kwiɓi, ta tambayi inda randa take.